Zawon maraƙi, ɓarin saniya da gudawar yaro: yadda salmonela ke zagaya gida

A ƙauyukanmu na Kano da Jigawa, idan maraƙi ya kama zawo mai ɗoyi har ya mutu, sai a ce nono ne ya yi masa yawa. Idan saniya ta yi ɓari a wata na bakwai, a ce bakkale ne, wato wani ciwo da ke sa shanu ɓari, ko wahalar tafiya. Idan kuma bayan kwana biyu yaron gidan ya kwana yana gudawa da zazzaɓi, a ce haƙori ne, ko a tafi kemis a dawo da maganin taifot. Kowanne da sunan da ake ba shi, kowanne da maganin da ake nema masa. Sau da yawa kuwa ƙwayar cuta guda ce ta bi ta kansu duka, wato salmonela, kuma babbar hanyarta ita ce daga kashi zuwa baki.

Ƙwayar bakteriya ce da ke zaune a hanjin dabbobi, tsuntsaye, ɓeraye, ƙadangaru da mutane. A 1885 aka ware wani irinta a ɗakin gwaji a Amurka, a sashen da likitan dabbobi Daniel Salmon ke shugabanta, kuma zuwa yau an san iri-irinta sama da 2,500. Kaɗan ne daga ciki suka shafi mai kiwo, ga sunayensu kamar yadda suke fitowa a takardar gwaji. Dublin ta fi zama a jikin shanu. Typhimurium ba ta zaɓe, tana kama saniya, tunkiya, doki, kaza da mutum. Enteritidis ta fi bin ƙwai. Pullorum da Gallinarum na kaji ne. Akwai kuma Typhi, mai kawo taifot, wadda a jikin ɗan Adam kaɗai take rayuwa. Wannan bambanci yana da muhimmanci: ba a ɗaukar taifot daga saniya ko kaza, daga bayan gidan wani mutum yake zuwa. Abin da dabba ke ba mutum 'yan uwan taifot ne, kuma su ma suna kisa.

Abin da ya sa cutar ke da wuyar kamawa shi ne dabbar da ta fi yaɗa ta ba lallai ta kwanta ba. Saniyar da ta taɓa kamuwa da Dublin ta warke tana iya riƙe ƙwayar a matsarmama da kaluluwar hanji watanni, wata har shekaru. Tana cin abinci, tana tuƙa, gashinta na sheƙi. Sai ranar da jikinta ya takura, lokacin haihuwa, ko yunwar ƙarshen rani, ko doguwar tafiya, ta fara zubar da ƙwayar a kashi, wani lokaci har a nono. Dalilin yana cikin tumbi. Saniyar da ke cin ciyawa a kai a kai tumbinta na da tsamin da ke hana ƙwayar yawa. Idan ta wuni ta kwana ba ci, tsamin ya ragu, ƙwayar ta sami sarari ta hayayyafa. Ka duba dabbar da aka kora daga ruga zuwa karar Maigatari ranar Alhamis, ta wuni a rana cikin ɗaruruwan shanu, aka loda ta a mota, washegari Juma'a ta tsaya a karar Wudil, sannan ta iso gidan wanda ya saya. Dillali zai ce, "Alhaji, duba idonta, lafiyarta ƙalau," kuma ba ƙarya ya yi ba. Amma a kwanakin nan biyu duk abin da ke tayar da cutar ya same ta, ta kuma taka kashin dabbobin da ba wanda ya san daga ina suka fito.

Masu kiwo a fadamun Haɗeja, Auyo, Kirikasamma da Guri suna da ƙarin matsala, wato tsutsar hanta da shanu ke kwasa a ciyawar bakin ruwa. Hantar da tsutsa ta lalata tana sa cutar ta fi tsanani, tana kuma sa saniya ta daɗe tana ɗauke da ƙwayar. Don haka ba da maganin ciwon hanta a kan lokaci yana cikin yaƙi da salmonela a wannan yanki, ko da yake maganin ba ya taɓa ƙwayar kanta.

Abinci ma hanya ce. Masu turkar raguna da bajimai don Babbar Sallah da yawa suna sayen kashin kaji daga gidajen gona su gauraya da dusa saboda araha. Yana ƙara ƙiba, ba musu, amma idan an kwaso shi ɗanye aka zuba a komi, to abin da ke hanjin kaji dubu ne aka miƙa wa rago. Shanya shi a rana kawai ba ya wadatarwa, domin ƙwayar na jure bushewa makonni. Wanda ba zai bar amfani da shi ba, ya tsince mushen kaji da fasassun ƙwai, ya tara shi tudu mai tsayi da ɗan danshi, ya rufe da leda na aƙalla mako uku har cikinsa ya ɗau zafin da hannu ba zai iya daɗewa a ciki ba. Buhun dusa da ɓera ya yi wa kashi, da komin ruwan da tattabaru da kaji ke hawa, su ma hanya ɗaya suke bi.

A garke, maruƙa ne ke fara faɗuwa, musamman 'yan mako biyu zuwa shida, har zuwa wata uku. Kwanakin maraƙi a duniya na taimakawa wajen rarrabe irin zawon. Zawon da ya zo a kwana huɗun farko galibi wata bakteriya ce daban. Na mako ɗaya zuwa uku, mai ruwa-ruwa ba zazzaɓi sosai, ya fi kama da na bairos ko ƙananan ƙwayoyin hanji. Na salmonela yana zuwa da zafin jiki. Maraƙi lafiyayye zafinsa na tsakanin digiri 38.5 da 39.5 a ma'aunin Salsiyas. Wanda ya kamu yakan kai 40.5 zuwa 41.5. Ma'aunin zafi ba shi da tsada, ana sa shi a dubura minti ɗaya, kuma ya kamata kowane mai garke ya ajiye ɗaya. Maraƙin zai ƙi tsotso, ya tsaya a dangwali kai a sunkuye. Kashin na fita ruwa-ruwa, rawaya ko toka-toka, da wari irin na ruɓa, da majina, da ɗigon jini, wani lokaci da wasu zare-zare masu kama da fatar hanji. Da zarar zawo ya yi ƙarfi zazzaɓin na iya sauka, sai mai shi ya ɗauka sauƙi ne ya samu, alhali ruwan jiki ne ke ƙarewa. Idan Dublin ce, wani maraƙin ba zai yi zawon kirki ba: numfashi ne zai yi masa wuya kamar ciwon huhu, ko gwiwoyi su kumbura, ko a wayi gari a tarar da shi a mace. Wanda ya tsira, bayan makonni ana iya ganin bakin kunnensa ko ƙarshen jelarsa ya bushe ya yi baƙi ya faɗi, saboda jini ya daina isa wurin.

Abin da ke kashe yawancin maruƙan nan rashin ruwa ne, kuma a nan ne aka fi yin sakaci. Ana rugawa neman allura, ana barin ruwa. Ka ja fatar wuyan maraƙi ka saki. Idan ta koma nan take, da sauran ruwa. Idan ta tsaya daƙiƙa biyu zuwa biyar, ido ya fara faɗawa, baki ya bushe, ya rasa kusan kashi 6 zuwa 8 cikin 100 na nauyinsa. Ga maraƙi mai kilo 25, wannan lita ɗaya da rabi ne zuwa biyu da suka riga suka fita, ban da wanda ke ci gaba da zuba. Haɗin da za a ba shi: a kowace lita ɗaya ta ruwan da aka tafasa ya huce zuwa ɗumi, gishiri ƙaramin cokali ɗaya a shafe, bekin soda rabin ƙaramin cokali, garin gulukos babban cokali biyu. Kada a sa sukarin shayi. Hanjin ƙaramin maraƙi ba ya iya narkar da shi, sai ya ja ruwa cikin hanji ya ƙara zawon. Kada kuma a maye gurbin soda da kanwa, domin ba wanda ya san ƙarfin da ke cikin kowane dunƙule. Idan ba a sami kayan haɗin ba, fakitin gishiri da sukari na yara da ake sayarwa a kemis yana aiki, domin sukarin cikinsa gulukos ne, a haɗa yadda aka rubuta a jikinsa. A ba shi lita ɗaya sau uku ko huɗu a rana, da kwalba mai kan tsotso, a hankali, kansa ba a ɗage sama ba. Ɗura da ƙarfi na tura ruwa cikin huhu, a fita daga zawo a shiga ciwon huhu.

Kada a raba shi da nonon uwa. Ruwan gishiri ba abinci ba ne, kuma maraƙin da aka hana nono kwana biyu yunwa ce za ta ƙarasa shi. A dai bar tazarar awa biyu tsakanin tsotso da haɗin, saboda soda na hana nono daskarewa a ciki yadda ya kamata. Idan maraƙi ya kwanta ba ya iya tashi, ka sa yatsa a bakinsa ka ji sanyi kuma bai tsotsa ba, ba shi ruwa ta baki ya daina amfani. Wannan sai ƙarin ruwa ta jijiya, aikin malamin dabbobi ne, kuma awoyi ne suka rage masa.

Allura na da wurinta. Maraƙin da ke da zazzaɓi, ko alamar ƙwayar ta shiga jini, yana buƙatar maganin kashe bakteriya, a kan nauyinsa, na cikakkun kwanakin da likita ya faɗa. Matsalar ita ce yadda ake yi: kwalbar oksitetrasaikilin ɗin nan da ake kira LA tana rataye a kowace ruga, ana yi wa kowace dabba rabin awo sau ɗaya a bari. Salmonela da yawa ta riga ta saba da wannan magani da ire-irensa tsofaffi. Sai a koma kan enrofuloksasin, wanda ɗan uwan sifurofuloksasin ne da asibiti ke dogaro da shi idan cutar ta shiga jinin mutum. Duk ƙwayar da ta koyi jure na garke ta kama hanyar jure na asibiti. Ga kuma gaskiyar da masu shanu ba sa son ji: allura ba ta wanke saniyar da ke ɗauke da ƙwayar a matsarmama. Za ta iya tashi ta ci abinci, amma ta ci gaba da zubarwa. Saniyar da gwaji ya nuna tana zubarwa a kai a kai, ko wadda maruƙanta ke mutuwa da zawo haihuwa bayan haihuwa, fitar da ita daga garke ya fi riba. Allurar rigakafin da ake yi wa dabbobi duk shekara, ta ciwon huhun shanu da ta annobar tumaki da awaki, ba ta kare su daga wannan cuta.

A manyan shanu, alamar farko sau da yawa nono ne ke ɗaukewa farat ɗaya, sai zazzaɓi, sai zawo mai jini. Mai ciki na iya yin ɓari daga wata na biyar zuwa na takwas, wani lokaci ba tare da zawo ko kaɗan ba, mabiyiya kuma ta maƙale. Da ido ba a iya raba wannan da bakkale, kuma dukansu na kama mutum, don haka hukuncinsu ɗaya ne. Ɗan tayin, mabiyiya da ƙasar da ruwan ya jiƙa a kwashe su da shebur, hannu cikin safar roba ko leda biyu, a binne a rami mai zurfin da kare ba zai tono ba, nesa da rijiya. Mace mai ciki kada ta kusanci wurin.

Tumaki da awaki kan yi ɓari a makonni shidan ƙarshe, ko su kama zawo bayan an tara su a mota. Doki da jaki na iya kama zawo mai tsanani bayan doguwar tafiya, ya kashe su cikin kwana ɗaya ko biyu. A kaji, Pullorum na bi ta cikin ƙwai, sai 'yan tsaki su taru wuri guda, farin kashi ya manne musu a dubura, su yi ta mutuwa a mako biyun farko. Gallinarum na kama manya: zanko ya koɗe, kashi rawaya ko kore, hanta ta kumbura. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom, wadda aka kafa a 1924, tana yin rigakafin wannan ta biyun. Waɗannan biyu masu karkashe kaji ba kasafai suke cutar da mutum ba. Mai cutar da mutum ita ce wadda kaza ke ɗauke da ita tana yawonta tana ƙwai lafiya lau.

Daga garke zuwa cikin gida, hanya mafi kusa ita ce ƙwaryar tatsa. Kafin a tatsa, ana sakin maraƙi ya tsotsa don nono ya sauko. Idan maraƙin nan na zawo, bakinsa da jikinsa sun taɓa hantsa, hannun mai tatsa ya taɓa shi ya koma kan nono, jelar saniya ta kaɗa ƙura cikin ƙwarya. Madara mai ɗumi a zafin bazara wuri ne da ƙwayar ke ninka kanta cikin kusan rabin awa. Tsamin nono na rage ta, amma ba ya ƙarar da ita, balle kindirmon da bai gama kamawa ba. Abin da ke kashe ta wuta ce: a dafa madarar har ta taso, a sauke a rufe, in ta huce a zuba ɗan tsohon nono mai kyau a bari ta kwana. Sai dai ana iya yin duk wannan a ɓata shi a ƙarshe, idan mai talla ta tsinka nonon da ruwan kududdufi, ko ta ɗauraye ludayi a ruwa ɗaya tun safe, ko aka jefa ƙanƙarar da ba a san ruwan da aka yi ta da shi ba.

Hanya ta biyu ita ce wuƙa. Dabba ta kwanta da zawo, ana ganin ba za ta tashi ba, sai a ce a yanka kafin ta zama mushe, a kira mahauci ko a yi watanda. Ana fahimtar dalilin, saniya dukiya ce. Amma dabbar da ke zazzaɓi ƙwayar na cikin jininta, hantarta da tsokarta, ba a hanji kaɗai ba, ga kuma ragowar allurar da aka yi mata jiya. Irin wannan nama bai kamata ya shiga kasuwa ba. Ko dabba lafiyayya ce, ana ɓata naman a wurin fiɗa: a huda tumbi ko hanji abin ciki ya zubo a kan tsoka, a fasa matsarmama a kan hanta, a wanke kayan ciki da nama a baho ɗaya. Dafuwa na gyara wannan idan zafi ya ratsa har tsakiya, ya wuce digiri 70, ba sauran ja. Inda ake faɗawa shi ne bayan dafuwa. Mai tsire ya yanka ɗanyen nama, ya goge wuƙar da tsumma, ya yanka gasasshe da albasa da kabeji da ita a kan katako ɗaya. Naman ya ga wuta, albasar ba ta gani ba. Haka ƙwan da ya tsage ake sayarwa da araha, mai shayi ya soya shi ruwa-ruwa. Naman layya da aka soya aka ajiye a buɗe inda ɓera da tsaka ke bi shi ma yana sake ɗauka. Tsoron da iyayenmu ke yi wa tsaka a kan abinci yana da tushe ta wannan fuska, domin ita da ƙadangare suna ɗauke da ƙwayar a kashinsu.

A jikin mutum alamu na fitowa awa 6 zuwa 72 bayan an ci, galibi 12 zuwa 36: zazzaɓi, murɗar ciki, gudawa, wani lokaci amai. Babba mai ƙarfi yakan warke cikin kwana biyu zuwa bakwai da ruwa kawai. A nan sukarin shayi ya halatta: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, sukari ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Yaro a ƙara masa ƙwayar zinc, miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, rabin haka ga wanda bai kai wata shida ba, a ci gaba da ba shi mama da abinci. Flagyl da ake sha da an ji ciki ya motsa ba ya taɓa salmonela. Kafson ja da yalo ma ba ya rage kwanakin ciwon ga mai gudawa mai sauƙi. Maganin tsayar da gudawa kuma haɗari ne ga yaro da duk wanda ke fitar da jini.

Waɗanda ake ji wa tsoro su ne jarirai, tsofaffi, yaran da tamowa ta kama, waɗanda maleriya ta shanye wa jini, masu ƙanjamau da masu sikila. A jikinsu ƙwayar na tsallake hanji ta shiga jini, sau da yawa ba gudawa, zazzaɓi ne kawai da ya ƙi jin maganin maleriya. Ƙiyasin duniya na shekarar 2017 ya nuna mutum kusan 535,000 ne suka kamu da wannan nau'i mai shiga jini, kusan 77,500 suka mutu, mafi yawansu a Afirka kudu da Sahara. Ga mai sikila, salmonela na cikin manyan masu kawo ruɓar ƙashi, don haka ciwon ƙashi a wuri ɗaya da kumburi da zazzaɓin da ya ƙi sauka kada a bar shi a matsayin ciwon da aka saba. Gwajin Widal da ake yi a ƙananan ɗakunan gwaji ba ya raba wannan da taifot, yana ma nuna "akwai" ga wanda ba shi da ko ɗaya. Gwajin da ke faɗin gaskiya shi ne a shuka jini ko bayan gida a ga abin da ya tsiro da maganin da ke kashe shi, kuma a manyan asibitoci ake samunsa, irin su Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Jini a bayan gida, kasa sha, rashin fitsari, ko yaro ya yi laushi ido ya faɗa, asibiti ne a ranar.

A garke kuwa, kariyar maraƙi na farawa da dakashi. Hanjinsa na karɓar garkuwar da ke cikinsa sosai a awa shidan farko, bayan kwana ɗaya ƙofar ta rufe. Yana buƙatar kusan kashi 10 cikin 100 na nauyinsa, wato lita biyu zuwa biyu da rabi ga ɗan farar saniya, kuma ya fara tsotso cikin awa biyu. Saniya ta haihu a busasshen wuri, ba inda maras lafiya ta kwanta ba. Sabuwar dabba daga kara a turke ta daban mako uku zuwa huɗu, da kominta da bokitinta; wannan zai kama wadda tafiya ta tayar wa ciwo, ko da yake mai ɗauke da ƙwayar a ɓoye na iya wucewa. Maraƙi mai zawo a cire shi daga dangwali, a riƙa duba shi a ƙarshe bayan an gama da masu lafiya, kuma ba yara ne za su yi jinyarsa ba. Wajen wanke wuri, a fara kankare kashi tukuna, domin Hypo ko Izal da aka zuba a kan kashi aikin banza ne. Bayan an kankare an wanke, a zuba Hypo kashi ɗaya cikin ruwa kashi shida a komi da bokiti, a bar shi minti goma, a ɗauraye a shanya. Turken ƙasa a sauya masa wuri a bar rana ta dake shi. Rijiyar gida a ɗaga bakinta a rufe, kada ruwan damina ya gangaro daga turke ya faɗa ciki. Takin irin wannan garke kada ya tafi kai tsaye lambun latas, kabeji ko karas a Kura ko Kadawa: a tara shi ya ruɓe ya yi zafi, ko a bar wata huɗu tsakanin zuba shi da cire amfanin da ake ci ɗanye.

Idan maruƙa biyu ko uku suka faɗi a jere, ko ɓari ya maimaitu, a kira malamin dabbobi na ƙaramar hukuma ya ɗauki samfur kafin a yi allura, domin allura na ɓoye ƙwayar a gwaji. Kashi ake ɗauka daga dubura, a mazubi mai tsabta mai murfi, a sa cikin kula da ƙanƙara ya isa ɗakin gwaji cikin kwana ɗaya. Daga maraƙin da bai daɗe da mutuwa ba, hanta, saifa, matsarmama da kaluluwar hanji ake so. Mai ɗauke da ƙwayar ba kullum take zubarwa ba, saboda haka gwaji ɗaya da ya fito babu komai bai wanke saniya ba, sai an maimaita sau uku ko fiye, da tazarar mako ɗaya ko biyu a tsakani.